Naɗe Furucin Aljabara: Fitar da Babban Marabin Tarayya

Ajiye alƙalaminka tukuna, ka gwada wannan lissafi da ka. A wani aji akwai ɗalibai 37. An ce kowane ɗalibi ya kawo naira 840 kuɗin littafi, da naira 160 kuɗin biro. Nawa za a tara gaba ɗaya?

Wani zai fara da kuɗin littattafai, ya ce 37 sau 840. Sa'an nan ya koma kan kuɗin biro, ya ce 37 sau 160. Daga ƙarshe ya haɗa amsoshin biyu. Hanyar daidai ce, amma da wuya mutum ya bi ta da ka bai yi tuntuɓe ba. Wani kuwa zai lura cewa kowane ɗalibi naira 1,000 cif zai kawo, domin 840 da 160 sun tashi 1,000. Sai ya ce 37 sau 1,000, wato naira 37,000. Ya gama kafin na farko ya kai rabi.

Ga abin da mutum na biyu ya yi, a rubuce:

37 × 840 + 37 × 160 = 37 × (840 + 160)

Ya ga cewa lamba 37 ta fito sau biyu, sai ya fitar da ita waje, ya bar sauran a cikin baka biyu. Wannan dabara ita ce darasinmu. Bambancin kawai shi ne, a aljabara za ka yi ta da haruffa tare da lambobi.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Jerin lambobi da haruffa da alamomi, irin 12x + 18y, shi muke kira *furuci*. Furuci yana da *gaɓoɓi*, kamar yadda rake yake da gaɓoɓi. Alamar tarawa ko ta ɗebewa ita ce take raba gaɓa da gaɓa. Saboda haka furucin 12x + 18y gaɓa biyu gare shi: 12x da 18y.

Idan wata lamba ta raba wata ba tare da saura ba, mukan ce ta *shiga* cikinta. Bahaushe yakan ce, "Uku ta shiga goma sha biyu sau huɗu." Lambar da ta shiga wata haka muna kiranta *marabi*. Dubi ginin kalmar, domin zai taimake ka ka riƙe ta. Daga *buɗe* aka sami *mabuɗi*, abin da ake buɗewa da shi, jam'insa *mabuɗai*. Haka nan daga *raba* muka sami *marabi*, abin da ake rabawa da shi, jam'insa *marabai*.

Marabai na 12 su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Marabai na 18 su ne 1, 2, 3, 6, 9 da 18. Waɗanda suka fito a jerin biyu su ne 1, 2, 3 da 6. Su ne marabai na tarayya, domin 12 da 18 sun yi tarayya a kansu. Mafi girma a cikinsu shi ne 6. Shi ne *babban marabin tarayya*.

Ka ɗauka wata mai talla tana da mangwaro 12 da gwaba 18. Tana so ta kasa su kashi-kashi, kowane kashi iri ɗaya da ɗan'uwansa, kada ko ɗaya ya rage a faranti. Tana iya yin kashi 2, ko kashi 3. Amma mafi yawan kashin da za ta iya yi shi ne 6, kowane kashi da mangwaro 2 da gwaba 3. Idan kuɗin mangwaro ɗaya naira m ne, kuɗin gwaba ɗaya kuma naira g, to kuɗin kayanta duka shi ne:

12m + 18g = 6(2m + 3g)

Hagu yana cewa: kuɗin mangwaro duka, da kuɗin gwaba duka. Dama yana cewa: kashi shida, kowanne a kan 2m + 3g. Kuɗin bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ka lura da abu ɗaya a nan, domin ɗalibai da yawa sukan ruɗe. Harafin m ba mangwaro yake nufi ba. Lamba yake wakilta, wato kuɗin mangwaro ɗaya. A aljabara kowane harafi lamba ce da ba a faɗi sunanta ba tukuna.

Shimfiɗawa da naɗewa

Ka riga ka koyi buɗe baka. Idan aka ba ka 6(2m + 3g), kakan ninka kowace gaɓa ta ciki da 6, ka sami 12m + 18g. Bari mu kira wannan aiki *shimfiɗawa*, kamar shimfiɗa tabarma. Komawa baya, daga 12m + 18g zuwa 6(2m + 3g), shi ne *naɗewa*. Tabarmar da aka shimfiɗa da wadda aka naɗe duk tabarma ɗaya ce. Siffarta ce kawai ta sauya, kuma kowace siffa da amfaninta: a shimfiɗe ake zama a kai, a naɗe ake ɗauka.

Daga nan wata babbar fa'ida ta fito. Tun da naɗewa kishiyar shimfiɗawa ce, ba ka bukatar malami ya gaya maka ko amsarka daidai ce. Shimfiɗa abin da ka naɗe. Idan ka komo inda ka fara, ka yi daidai. Ba kowane fanni na lissafi ne yake ba ɗalibi irin wannan dama ba, don haka kada ka yi wasa da ita.

Me ya sa dokar take aiki? Zana gona mai kusurwa huɗu a littafinka. Faɗinta mita 20 ne. An raba ta biyu: an shuka masara a ɓangare mai tsawon mita x, an shuka rogo a ɓangare mai tsawon mita y. Filin masara 20x ne, filin rogo 20y ne. Amma gonar gaba ɗaya faɗinta 20, tsawonta x + y, saboda haka filinta 20(x + y) ne. Gona ɗaya aka auna ta hanya biyu, dole amsoshin su zo ɗaya: 20x + 20y = 20(x + y).

Wannan hujja tsohuwa ce ƙwarai. Yukilid, masanin lissafi da ya yi koyarwa a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo ta a farkon kashi na biyu na shahararren littafinsa mai kashi 13. Da layuka da filaye ya bayyana ta, domin a zamaninsa ba a fara rubuta x da y ba. Ita kanta kalmar *aljabara* daga Larabci ta zo, daga sunan littafin da Muhammad ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, zamanin Halifa Ma'amun. Ma'anar kalmar ita ce mayar da abu yadda yake, kamar ɗorin ƙashin da ya karye. Shi ma da kalmomi zalla ya yi lissafinsa. Al'adar amfani da x, y da z don lambobin da ba a sani ba ta bazu ne daga littafin da Bafaranshe Rene Dekat ya fitar a 1637. Abin da kake rubutawa a layi ɗaya yau, magabata sukan cika rabin shafi kafin su faɗe shi.

Neman babban marabi na lambobi

Idan lambobin ƙanana ne, kamar 12 da 18, ido kaɗai ya isa. Idan sun yi girma, sai ka farfasa su zuwa *lambobin tushe*. Lambar tushe ita ce lambar da ta fi 1, wadda babu mai shiga cikinta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, da sauransu. Ɗauki 84 da 126:

84 = 2 × 2 × 3 × 7
126 = 2 × 3 × 3 × 7

Yanzu tsinci abin da ke wuri biyun. Lamba 2 ta fito sau biyu a sama, sau ɗaya a ƙasa, don haka ɗaya kawai za ka ɗauka. Lamba 3 ta fito sau ɗaya a sama, sau biyu a ƙasa, nan ma ɗaya za ka ɗauka. Lamba 7 tana ko'ina sau ɗaya. Babban marabin tarayya shi ne 2 × 3 × 7 = 42. Saboda haka 84x + 126y = 42(2x + 3y).

Wani lokaci lambobin sukan ƙi farfasuwa da sauƙi. Gwada 391 da 299. Biyu ba ta shiga, uku ba ta shiga, biyar da bakwai ma haka. A nan wata hanya da Yukilid ya rubuta a kashi na bakwai na littafinsa takan yi rana. Raba babbar lambar da ƙaramar, ka riƙe saura. Sa'an nan ka raba ƙaramar da sauran. Ci gaba haka har saura ya zama sifili.

299 ta shiga 391 sau 1, saura 92.
92 ta shiga 299 sau 3, saura 23.
23 ta shiga 92 sau 4, babu saura.

Lambar ƙarshe da ta shiga ba saura, wato 23, ita ce amsar. Hakika 391 = 17 × 23, kuma 299 = 13 × 23. Don haka 391x + 299y = 23(17x + 13y). Hanyar ta haura shekara 2,000, amma har yau da ita kwamfuta take wannan aiki.

Neman babban marabi na haruffa

Ka san cewa x³ yana nufin x × x × x. Ƙaramar lambar da ke kafaɗar harafi za mu kira ta *hawa*, kamar hawan bene. Za mu karanta x² "x hawa biyu", x³ kuma "x hawa uku". Harafin da ba a rubuta masa komai a kafaɗa ba hawa ɗaya ne.

Mene ne babban marabin tarayya na x⁵ da x³? Da yawa sukan yi saurin cewa x⁵, domin sun ji an ce "babban". Amma x⁵ ba zai shiga x³ ba, kamar yadda 32 ba za ta shiga 8 ba. A cikin x³ x uku ne kawai, ba za ka ciro biyar daga inda uku suke ba. Amsar ita ce x³. Tuna da masu adashi. Kowa zubi ɗaya yake yi da 'yan'uwansa, saboda haka zubin ba zai wuce abin da mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu zai iya kawowa ba. Haka yake a nan: harafin da zai fita waje dole ya kasance a kowace gaɓa, kuma da mafi ƙarancin hawansa zai fita.

Bari mu haɗa lambobi da haruffa a misali ɗaya, mu bi shi a hankali. Naɗe wannan furuci:

12x³y² − 18x²y⁴ + 30x²y

Fara da lambobi. Babban marabin tarayya na 12, 18 da 30 shi ne 6. Koma kan x. Hawansa a gaɓoɓin uku shi ne 3, 2 da 2, mafi ƙaranci 2, don haka x² zai fita. Koma kan y. Hawansa 2, 4 da 1, mafi ƙaranci 1, don haka y ɗaya tak zai fita. Babban marabin tarayya shi ne 6x²y.

Rubuta shi a waje, ka buɗe baka. Yanzu ka tambayi kowace gaɓa tambaya ɗaya: da me zan ninka 6x²y in same ki? Don samun 12x³y² kana bukatar 2xy. Don samun 18x²y⁴ kana bukatar 3y³. Don samun 30x²y kana bukatar 5. Kowace gaɓa ta riƙe alamarta:

12x³y² − 18x²y⁴ + 30x²y = 6x²y(2xy − 3y³ + 5)

Kafin ka wuce, yi bincike iri biyu. Na farko, shimfiɗa amsar ka ga ko ta mayar da kai gida. Na biyu, leƙa cikin bakan. Shin 2xy, 3y³ da 5 suna da sauran abin tarayya? Babu. To aiki ya kammala. Da ka rubuta 3x(4x²y² − 6xy⁴ + 10xy), ba ka yi ƙarya ba, domin idan aka shimfiɗa zai komo daidai. Sai dai ka bar 2xy a ciki, alhali kowace gaɓa tana da shi. Ka naɗe rabin tabarma ke nan, kuma mai duba jarrabawa ba zai ba ka cikakken maki ba.

Ba kowane furuci yake naɗuwa ta wannan hanya ba. A 4x + 9y, lambobin ba su da marabin tarayya sai 1, haruffan ma daban-daban ne. Bar shi yadda yake. Gane cewa babu abin fitarwa shi ma sani ne.

Ramuka biyu da ke kan hanya

Rami na farko shi ne ɗayan da ke ɓata. Naɗe 7p² + 7p. Babban marabin tarayya 7p ne. Daga gaɓar farko p ya rage. Daga ta biyu fa? Ɗalibi yakan ce, "Na kwashe 7p duka, babu abin da ya rage," sai ya rubuta 7p(p). Kuskuren yana cikin kalmar *kwashe*. Fitar da marabi rabawa ce, ba ɗebewa ba. Idan ka ɗebe 7p daga 7p, sifili ne. Idan ka raba 7p da 7p, ɗaya ne. Amsar gaskiya ita ce:

7p² + 7p = 7p(p + 1)

Gwada da lamba ka gani. Idan p = 2, furucin asali ya ba da 28 + 14 = 42. Amsar gaskiya ta ba da 14 × 3 = 42. Amsar kuskure ta ba da 14 × 2 = 28. Ga wata alama mai sauƙi: yawan gaɓoɓin da ke cikin baka dole ya yi daidai da yawan gaɓoɓin da ka fara da su. Ka fara da biyu, ka ƙare da biyu.

Rami na biyu shi ne alamar ɗebewa. Idan gaɓar farko tana ɗauke da alamar ɗebewa, sau da yawa ya fi kyau a fitar da alamar tare da marabin. Amma da zarar ka fitar da ita, kowace alama da ke cikin baka za ta juye:

−4x − 20 = −4(x + 5)
−6p + 9 = −3(2p − 3)

Dubi layi na biyu da kyau. Ninka −3 da 2p, ka sami −6p. Ninka −3 da −3, ka sami +9. Wanda ya rubuta −3(2p + 3) ya juya alamar gaɓar farko, ya manta da ta biyu. A lissafin kuɗi, wannan shi ne mayar da riba ta zama bashi.

Idan marabin kansa baka ne

Wannan mataki yakan ba ɗalibai tsoro da farko, amma babu sabuwar doka a cikinsa. Dubi wannan:

p(x + 3) + q(x + 3)

Gaɓa biyu ce. Ta farko p sau (x + 3), ta biyu q sau (x + 3). Ɗauki (x + 3) a matsayin ƙunshi ɗaya, kada ka kwance shi. Tun da x lamba ce, x + 3 ma lamba ce, kuma tana cikin gaɓoɓin biyu kamar yadda 37 take a lissafinmu na farko. Fitar da ita:

p(x + 3) + q(x + 3) = (x + 3)(p + q)

Wani lokaci ƙunshin yakan zo a juye. A 5(y − 2) + x(2 − y), baka na farko da na biyu ba ɗaya ba ne, amma kishiyoyin juna ne. Idan y = 10, na farko 8 ne, na biyu −8. Saboda haka kana iya rubuta 2 − y a matsayin −(y − 2). Furucin ya koma 5(y − 2) − x(y − 2), wanda ya naɗu zuwa (y − 2)(5 − x).

Daga nan sai gaɓoɓi huɗu waɗanda babu abin da duka suka yi tarayya a kai, kamar px + py + 3x + 3y. Haɗa su biyu-biyu. Biyun farko suna da p, biyun ƙarshe suna da 3:

p(x + y) + 3(x + y) = (x + y)(p + 3)

Sau biyu ka fitar da marabi, ɗaya bayan ɗaya. Idan ka haɗa biyu-biyu amma abin da ke cikin bakan bai zo iri ɗaya ba, sake jera gaɓoɓin ka gwada wani haɗin.

Me naɗewa take saya maka?

Ɗalibi yana da haƙƙin yin wannan tambaya. Amsa ta kusa ita ce, tambayoyin naɗewa suna fitowa a jarrabawar WAEC da ta NECO. Amma akwai dalilin da ya sa suke fitowa. Furucin da aka naɗe ya zama wani abu sau wani abu, kuma ninki yana bayyana abubuwan da tarawa take ɓoyewa.

Fara da sauƙin lissafi. Maƙeri yana so ya san yawan kwanon da zai ci wajen ƙera gwangwani mai murfi sama da ƙasa. Idan r shi ne nisa daga tsakiyar murfi zuwa gefensa, h kuma tsayin gwangwanin, murafun biyu sun ci 2πr², jikin kuma ya ci 2πrh. A naɗe, jimlar ita ce 2πr(r + h). Sa r = 7, h = 13, a ma'aunin santimita, ka ɗauki π a matsayin 22 bisa 7. To 2πr ya zama 44, r + h ya zama 20, amsar 880. Ta doguwar hanya sai ka nemo 308, ka nemo 572, sa'an nan ka haɗa su.

Sai taƙaita lissafin sama da ƙasa, irin wanda ake karantawa "uku bisa huɗu". An ba ka (6x + 15) bisa (4x + 10). A haka babu abin da za ka soke. Naɗe sama, ka sami 3(2x + 5). Naɗe ƙasa, ka sami 2(2x + 5). Yanzu marabi ɗaya ya bayyana sama da ƙasa. Soke shi, saura 3 bisa 2, muddin 2x + 5 ba sifili ba ne, domin ba a rabawa da sifili. Riƙe wannan da kyau: marabi ake sokewa, ba a soke gaɓa. A (x + 6) bisa x, ba ka da ikon soke x na sama da na ƙasa, domin x na sama gaɓa ce. Sa x = 2 ka gani: 8 bisa 2 huɗu ne, alhali mai sokewa zai ce 6 ko 7.

Na uku ya fi waɗannan muhimmanci. Nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta, za a sami daidai da ninkinta biyar. Wato x² = 5x. Mai gaggawa zai raba hagu da dama da x, ya ce x = 5. Ya sami amsa ɗaya, ya zubar da ɗaya bai sani ba. Bi ta hanyar naɗewa. Kawo komai hagu: x² − 5x = 0. Fitar da x: x(x − 5) = 0. Lambobi biyu aka ninka aka sami sifili, kuma hakan ba ya faruwa sai ɗayarsu sifili ce. Ko dai x = 0, ko kuwa x − 5 = 0, wato x = 5. Amsoshi biyu ne, 0 da 5. Mai gaggawa ya rasa sifili ne domin lokacin da ya raba da x, ya ɗauka cewa x ba sifili ba ne, alhali ba wanda ya gaya masa haka.

A ganina, mafi daɗin amfanin naɗewa shi ne kafa hujja. Zaɓi lamba mai alƙaluma biyu, kamar 52. Juya alƙaluman, ka sami 25. Haɗa su: 77. Gwada 83 da 38: 121. Gwada 61 da 16: 77. Kowace amsa 11 tana shiga cikinta. Sa'a ce? Ko ka gwada misali hamsin, ba ka tabbatar da na hamsin da ɗaya ba. Aljabara kuwa takan gama da su duka a layi biyu. Lamba mai alƙaluma p da q ita ce 10p + q, kamar yadda 52 take 10 × 5 + 2. Idan aka juya ta, ta zama 10q + p. Jimlarsu 11p + 11q ce, wato 11(p + q). Ga 11 nan tsaye a waje a matsayin marabi, kowace lamba ka zaɓa.

Haka kuma n² + n. Sa kowace cikakkiyar lamba a madadin n, amsar kullum *cika* ce, wato lambar da 2 take shiga, ba ta taɓa zama *mara* ba. A shimfiɗe ba a ganin dalili. A naɗe kuwa, n(n + 1) lambobi biyu ne maƙwabtan juna, kamar 7 da 8, ko 20 da 21. A cikin maƙwabta biyu dole ɗaya ta zama cika, kuma cika sau kowace cikakkiyar lamba cika ce.

Aikin yi

A. Nemo babban marabin tarayya na waɗannan:
1. 36 da 60
2. 221 da 323, ta hanyar Yukilid
3. 8x⁴y da 20x²y³

B. Naɗe kowane furuci. Bayan ka gama, shimfiɗa amsarka don ka tabbatar da ita. Akwai ɗaya a cikinsu da ba ya naɗuwa. Nuna shi, ka faɗi dalili.
4. 15x + 25y
5. 9p² − 9p
6. −8x − 12
7. 14x³y − 21x²y² + 7xy
8. 10p + 21q
9. x(y − 4) + 6(4 − y)
10. pq + 2p + 5q + 10

C. Yi waɗannan da ka, sa'an nan ka bayyana wa abokin zamanka da Hausa yadda ka yi:
11. 48 × 73 + 48 × 27
12. 125 × 19 − 125 × 11

D. Wani ɗalibi ya rubuta 6x² + 3x = 3x(2x). Sa x = 1 a hagu da dama. Me ka samu? Rubuta jimla biyu da Hausa kana bayyana masa inda ya kuskure.

E. Nemo dukkan amsoshin 2y² = 14y.

F. Ɗauki lambobi uku da ke bin juna, n, n + 1 da n + 2. Nuna ta hanyar naɗewa cewa 3 tana shiga jimlarsu kullum. Shin 4 tana shiga jimlar lambobi huɗu da ke bin juna? Gwada ka gani.